Saɓanin Masu Keke da Masu Tafiya a Ƙafa a Wurin Danja

Saɓanin masu keke da masu tafiya a ƙafa takun saƙa ne da ake yi a kan wanda ya kamata ya fara wucewa a mararraba, a gaban fitilar danja, da kuma wuraren tsallaka titi. Abin ya fi kamari a biranen da hawan keke ya yawaita, irin su Landan, Paris, Amsterdam da Niyok. Mai tafiya a ƙafa kukansa shi ne masu keke ba sa tsayawa idan jar fitila ta kama. Shi kuma mai keke cewa yake yi mutane na faɗowa hanyarsa ba tare da sun duba ba, wasu ma idonsu na kan waya.

Tushen matsalar

Ba don keke aka ƙirƙiro danja ba. Ta farko an kafa ta ne a Landan cikin Disamba 1868, kusa da majalisar dokoki, don ba kekunan doki hannu. Da iskar gas take aiki, kuma ba ta daɗe ba ta fashe ta raunata ɗan sandan da ke kula da ita. Mai aiki da lantarki ta bayyana a Cleveland ta Amurka a 1914, lokacin da motoci suka fara cika tituna. Tun daga nan, saurin mota da yawanta su ne ma'aunin tsara daƙiƙoƙin ja da kore. Sauran masu amfani da hanya ragowar lokaci da ragowar fili suke samu, a kan wannan ragowar kuwa ake rikicin.

A doka, keke abin hawa ne. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana na Austiriya a 1968 haka ta ɗauke shi, don haka jar fitila ta shafi mai keke kamar yadda ta shafi direba. Sai dai halin da yake ciki daban ne. Direba idan ya tsaya, taka totur kawai zai yi ya tashi. Mai keke kuwa da ƙwanjinsa ya tara gudun, duk birkin da ya kama ya zubar da wahalarsa, sai ya sake daga farko. Ga kuma wayoyin da ake binnewa a ƙarƙashin kwalta don su ji zuwan abin hawa su sauya fitila: ƙarfe suke ji, kuma wani lokaci ƙarfen keke bai kai ya motsa su ba, sai mutum ya yi ta jira fitila ta ƙi sauyawa. Babban dalili kuma shi ne tsoro. Tsayuwa a gefen babbar mota mai shirin shan kwana na cikin wurare mafi haɗari ga mai keke, domin direban ba ya ganinsa a madubi. Da yawa sukan zarce gaba don su tsira daga wannan, su tsaya daidai kan layin da aka ware wa masu tsallakawa.

Duk wannan bai dami wanda ke tsakiyar titi ba. Keke ba shi da ƙara. Makaho da kunne yake gane ko hanya ta buɗe, mota yana jin ta, keke kuwa sai ya iso kansa. Tsoho ko tsohuwa, ƙaramar bangaza ta isa ta kayar da su, karayar ƙugu a wannan shekarun kuma ba abin wasa ba ce. Karo yakan faru ne ta hanya ɗaya sananniya: mai keke ya hango mutum, ya yi lissafin zai bi ta bayansa, shi kuma mutumin ya ɗago kai ya firgita ya ja da baya, ya koma daidai inda tayar za ta bi. Gaskiya ne motoci ke kashe mafi yawan masu tafiya a ƙafa, nesa ba kusa ba, kuma masu keke kan kafa hujja da hakan. Amma ƙididdigar mace-mace ba ta ɗauke da tsohon da ya daina fita shi kaɗai saboda fargaba.

Yadda dokoki suka bi da lamarin

Wasu hukumomi sassautawa suka yi. Jihar Idaho ta Amurka tana da doka tun 1982 wadda ta yarda mai keke ya rage gudu kawai a alamar tsayawa, a jar fitila kuma ya tsaya cak, ya duba, sannan ya wuce idan ba kowa. Delaware ta ɗauki ɓangaren alamar tsayawa a 2017, wasu jihohi suka biyo baya. Faransa tun 2012 ta ba birane damar rataya ƙaramar alama mai kusurwa uku a jikin danja, da hoton keke da kibiya, wadda ke nuna inda zai iya bi ko fitila na ja. Sharaɗin da ba ya sauyawa a duk waɗannan dokoki shi ne mai tafiya a ƙafa ne za a fara ba hanya, kuma wannan sharaɗin ne aka fi mantawa da shi a kan titi.

Birtaniya ta bi wata hanyar. A Janairu 2022 ta sabunta ƙa'idojin hanya, ta jera masu amfani da ita bisa girman ɓarnar da kowa zai iya yi: direba ya kula da mai keke, mai keke ya kula da mai tafiya a ƙafa. Kafin nan an yi wata shari'a da ta ta da ƙura. A 2016 wani matashi ya buge wata mata a Landan da keken da ba shi da birkin gaba, ta rasu. Da dokar 1861, ta zamanin kekunan doki, aka hukunta shi a 2017, aka ɗaure shi wata 18.

Shi ma mai tafiya a ƙafa hukuncinsa ya bambanta. A Jamus tsallakawa a kan ja na jawo tarar yuro 5, a Birtaniya kuwa ba laifi ba ne a doka.

Tsarin titi

Injiniyoyi sun gwada raba rukunonin biyu. Akwai filin da ake shatawa masu keke a gaban motoci amma a bayan layin tsallakawa, akwai danja ta keke zalla, a Kofanhegan babban birnin Denmark kuma an saita wasu fitilu yadda mai keken da ke tafiyar kilomita 20 a awa zai yi ta tarar da kore. Niyok ta halatta wa masu keke a 2019 su tashi tare da masu tafiya a ƙafa a 'yan daƙiƙoƙin da ake ba su kafin motoci.

Wani gyaran kuma sabuwar rigima ya haifar. Inda aka bi da hanyar keke ta bayan tashar bas, dole fasinja ya ƙetare ta kafin ya hau mota, abin da ƙungiyoyin makafi a Birtaniya suka yi ta adawa da shi. Kekuna masu batir sun ƙara dagula lissafi. Dokar Tarayyar Turai ta ce injin ya daina taimakawa a kilomita 25 a awa, amma ana samun masu cire wannan takunkumi. Masu kai saƙon abinci kuma, waɗanda galibi ake biya bisa yawan saƙon da suka kai, kowace jar fitila a aljihunsu take taɓa su.