Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari: Me Masallacin Unguwa Zai Yi Masa?

Ta ina kwamitin masallaci zai fara?

Tun mutum yana ciki. A rubuta wa shugaban gidan yarin takarda da sunan kwamiti a nemi izinin ziyara, sannan a roƙi jami'in walwala sunayen waɗanda tara ko bashi kaɗai ya riƙe su. Tun dokar 2019 sunan hukumar gidajen yari ya koma ta gyaran hali, kuma dokar ta tanadi hukuncin da ba ɗauri ba, irin su aikin al'umma.

Kuɗi yana fitar da kowa?

A'a, kuma nan ne masu niyyar alheri suka fi yin asara. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba, don haka babu tarar da za a biya. Su lauya suke buƙata da mai tsaya musu a beli. A kai maganarsu Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke ba marasa hali lauya kyauta, ko a miƙa sunayensu kafin ziyarar Alƙalin Alƙalan jiha.

Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, a karanta takardarsa da kyau. Tara ta gwamnati ce, diyya ko bashi na mai ƙara ne. Sau da yawa sai a biya tara a manta da diyyar, mutum ya ci gaba da zama. Kuɗin a biya shi a rajistar kotun da ta yi hukuncin, a karɓi rasit, a bi takardar saki har ta isa gidan. Kada a danƙa wa wani ɗan tsakani a bakin ƙofa, komai daɗin bakinsa.

Za a iya amfani da zakka?

Masu bashi suna cikin kashi takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Sai dai a mazhabar Malikiyya, wanda ya ci bashin don saɓo ba a biya masa sai ya tuba. Tara gara a biya ta da sadaka. Idan kuɗin ya fi ƙarfin unguwa, a tuntuɓi Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato.

Ya fito. Sai me?

Makwanci, abinci da kuɗin mota a ranar farko, domin wanda ya rasa wurin kwana tsohuwar majalisarsa zai koma. Kafin ranar, liman da mai unguwa su je gidansu, su kuma je wurin wanda aka zalunta a nemi sulhu. In abin ya yi tsami a unguwarsu, a ce Mabera a Sakkwato, babu laifi ya zauna wajen kawunsa a Runjin Sambo na ɗan lokaci.

Jari ko sana'a?

Kuɗi a hannu ba ya jure yunwa da masu bin bashi. A haɗa shi da maigida a ɗinki, walda, dukanci ko gyaran babur na aƙalla wata shida, kwamiti na ba shi na abinci kowane mako. Keken ɗinki ya zauna a shagon maigida da sunan kwamiti har ya ƙware. Mutum ɗaya daga kwamiti, ba biyar ba, shi zai riƙa leƙa shi duk Juma'a. Kuma a gaya wa maigidan gaskiyar laifin tun farko. In ya ji a bakin wasu, korarsa zai yi.

In yana shaye-shaye fa?

Wa'azi kaɗai ba ya raba jiki da tiramol ko kodin. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato likita ya duba shi, sannan a dakatar da maganar jari sai ya daidaita.