Dokar Raba Lokaci Daidai: Hukuncin Ɗan Takarar da Ya Shiga Shirin Barkwanci a Amurka

A daren Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024, saura kwana uku a yi zaɓen shugaban ƙasar Amurka, 'yar takarar jam'iyyar Democrat Kamala Harris ta fito a shirin barkwanci na Saturday Night Live na tashar NBC, tana fuskantar Maya Rudolph, 'yar wasan da ta daɗe tana kwaikwayonta. Fitowar ta ɗauki kimanin minti ɗaya da rabi, amma washegari sai da tashar ta ba abokin karawarta Donald Trump gurbi kyauta, a lokacin tseren motoci na NASCAR da kuma bayan wasan ƙwallon Amurka na daren Lahadi. Doka ce ta ba shi wannan haƙƙi.

Dokar ita ce sashe na 315 na Dokar Sadarwa ta 1934, wanda aka gado daga Dokar Rediyo ta 1927, kuma Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wato FCC, ce ke kula da aiki da ita. Hujjarta ita ce zangon da tashoshi ke watsa shirye-shirye a kansa mallakin jama'a ne, lasisin da aka ba tasha kuwa amana ce, saboda haka bai kamata mai tasha ya fifita ɗan takarar da yake so ya toshe wa sauran baki ba. Idan tasha ta bar wanda ya cika sharuɗɗan takara ya bayyana da fuskarsa ko muryarsa, wajibi ne ta ba abokan hamayyarsa a wannan kujera dama irin tasa: in kyauta ya samu su ma kyauta, in biya ya yi su biya daidai farashinsa. Sai dai ba a kai wa kowa gurbin har gida, shi ne zai nema cikin kwana 7 da fitowar abokin karawarsa. Ba dole ba ne a sa shi a shirin da wancan ya shiga, muddin tsawon lokacin da yawan masu kallo sun yi kusa da juna, kuma tashar ba ta da ikon tace abin da zai faɗa.

A 1959 wani ɗan takarar magajin garin Shikago mai suna Lar Daly, wanda ba shi da wani tasiri a siyasa, ya nemi lokaci saboda an nuna magajin gari Richard Daley a labarai, FCC kuwa ta ba shi gaskiya. Ganin cewa hakan zai sa tashoshi su guji kawo labarin 'yan takara baki ɗaya, majalisar dokoki ta yi gyara a shekarar ta keɓe abubuwa huɗu: labarai na haƙiƙa, hirar labarai, shirin bincike wanda ɗan takara ba shi ne jigonsa ba, da kawo wani lamari kai tsaye daga inda yake faruwa.

Daga nan ne gardama ta koma kan inda labari ya ƙare, nishaɗi ya fara. A 2006, lokacin da Arnold Schwarzenegger ke neman wa'adi na biyu a matsayin gwamnan Kalifoniya, ya je shirin dare na Jay Leno, abokin hamayyarsa Phil Angelides ya kai ƙara, amma FCC ta yanke cewa ɓangaren hira na shirin hirar labarai ce duk da rahar da ke cikinta. Wasan kwaikwayo na barkwanci bai samu wannan rangwame ba. Da Trump ya jagoranci Saturday Night Live a Nuwamban 2015, an ƙirga fitowarsa aka samu minti 12 da daƙiƙa 5, NBC ta ba wasu abokan takararsa na jam'iyyar Republican, ciki har da John Kasich da Mike Huckabee da Lindsey Graham, lokaci a tashoshinta na jihohin da ake fara zaɓen fid da gwani. A idon doka ke nan, dariyar da ɗan takara ya ba mutane tana da daraja ɗaya da tallan siyasa.

A ganina, raunin dokar yana wurin da shaguɓe ya fi kaifi. Ba ta ƙirga komai sai fitowar ɗan takara da kansa, don haka ɗan wasa yana iya kwaikwayonsa duk mako, ya mai da shi abin dariya, ba tare da tashar ta ci bashin ko daƙiƙa ɗaya ba. A Satumban 2008 'yar wasa Tina Fey ta kwaikwayi Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, tana cewa daga gidanta tana hango Rasha. Abin da Palin ta faɗa shi ne ana iya hango Rasha daga wani yanki na Alaska, amma maganar Fey ce ta zauna a zukatan mutane da yawa har suka ɗauka ta Palin ce. Babu gurbin da sashe na 315 ya tanadar wa Palin, kuma kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba irin wannan zambo kariya mai ƙarfi a ƙarƙashin 'yancin faɗar albarkacin baki.

Haka kuma dokar ta fi ɗaure tashoshin da ke watsawa ta iska da lasisin FCC. A aikace ba a matsa wa tashoshin da ake biyan kuɗi a kama ta wayar kebul ba, irin su Comedy Central mai shirin The Daily Show, YouTube da TikTok kuwa, inda matasa da dama ke kallon guntayen waɗannan shirye-shirye da safe, ba su shiga cikinta ba sam.