Nikolai Rimsky-Korsakov

Nikolai Rimsky-Korsakov mai tsara kiɗa ne ɗan ƙasar Rasha, kuma malamin da ya fi kowa tasiri a kan yadda Rashawa ke raba kiɗa tsakanin kayan busa, kayan goge da ganguna. An haife shi a garin Tikhvin ranar 18 ga Maris, 1844, ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1908.

Gidansu gidan sojan ruwa ne, don haka yana ɗan shekara 12 aka sa shi makarantar sojan ruwa a birnin Sant Fitasbag. A 1861 ya haɗu da mai tsara kiɗa Mily Balakirev, wanda ya jawo shi cikin rukunin da daga baya aka sani da "Su Biyar", tare da Cui, Mussorgsky da Borodin. Burinsu shi ne kiɗa mai ƙamshin Rasha, wanda ba kwaikwayon Jamusawa ba. Daga 1862 zuwa 1865 yana cikin teku a jirgin Almaz.

A 1871 aka naɗa shi farfesa a babbar makarantar kiɗa ta Sant Fitasbag, alhali shi kansa bai yi karatun ƙa'idojin sana'ar a tsare ba. Sai ya duƙufa yana koya wa kansa, yana gaba da ɗalibansa da 'yan darussa kaɗan, har ya zama gwani. Daga 1873 zuwa 1884 shi ne sufeton badujalar sojan ruwa. A nan ya riƙa ɗaukar kayan busa ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da bakinsa, ya san inda kowanne ke da daɗi da inda muryarsa ke shaƙewa.

Wannan sanin ne jarinsa. A littafinsa kan rabon kiɗa, wanda surukinsa Maximilian Steinberg ya fitar a 1913, ya ba da awo dalla-dalla. In ana busa da ƙarfi, bigila ɗaya daidai take da turombon ɗaya (babban abin busa na ƙarfe mai kaurin murya), ko ƙahon Faransa biyu. Ƙaho ɗaya kuma daidai yake da sarewa biyu ko kilarinet biyu (wani abin busa mai kama da algaita). In kuwa ana busa a hankali, duk ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya. Wanda bai kula da wannan ba, sai ya ba sarewa ɗaya karin waƙa ya jibga mata turombon uku a ƙasa, karin ya ɓace. Ya kuma koyar da cewa a bar tazara mai faɗi tsakanin sautukan ƙasa, a matse na sama, domin in aka cushe na ƙasa kiɗan yakan dagule ya zama gunji kawai.

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne Sheherazad na 1888, kashi huɗu, wanda ya ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Kiɗan yana farawa da amon sarki, mai kauri da ban tsoro, daga turombon da tuba da sauran masu babbar murya. Sai a yi tsit, goge guda ɗaya ya taso da siririyar murya yana lanƙwasa: amaryar sarkin ce, Sheherazad, ta fara ba da labari. Wannan muryar tana dawowa a kowane kashi, ita ce zaren da ya ɗinke aikin. Ya kuma rubuta opera 15, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, ciki har da Sadko da Zakaran Zinariya. Wannan na ƙarshe hukumar tace wasanni ta hana nuna shi saboda ya muzanta sarauta, sai a 1909 aka nuna, bayan rasuwarsa. Dama a 1905 an taɓa korarsa daga makaranta don ya goyi bayan ɗalibai masu zanga-zanga, daga baya aka mayar da shi.

Akwai wata dabara tasa da ta yi nisa. Tsanin sautin Turawa na yau da kullum matakai bakwai ne. Shi kuwa yakan yi amfani da mai takwas, cikakken taki, rabin taki, cikakke, rabi, har ƙarshe. Da yake wannan tsani ba shi da gida guda da kunne zai koma ya huta, sai ya keɓe shi ga aljanu da halittun ƙarƙashin teku, mutane kuma ya ba su karin waƙoƙin ƙauye. Mai tsara kiɗa Stravinsky, wanda ya yi karatu a gidansa, ya bi wannan rabo sak a kiɗansa mai suna Tsuntsuwar Wuta na 1910. Cikin ɗaliban Rimsky-Korsakov akwai Glazunov, Lyadov, Prokofiev da Respighi ɗan Italiya.

Abin da har yau ake taƙaddama a kai shi ne gyaran da ya yi wa ayyukan Mussorgsky bayan rasuwar Mussorgsky a 1881, musamman opera mai suna Boris Godunov. Ya goge kaushin da ya ɗauka kuskure ne, alhali da yawa da gangan mai aikin ya sa shi, kuma a nan ya wuce gona da iri. Sai dai gyararren nasa ne ya kai wannan opera birnin Faris a 1908 duniya ta san shi. Yanzu manyan gidajen opera sun fi komawa ga rubutun Mussorgsky na asali.