Anthony Naldrett

Anthony James Naldrett, wanda aka fi sani da Tony Naldrett (1933–2020), masanin duwatsu ne da sinadaran ƙasa, haifaffen Ingila da ya yi yawancin aikinsa a Kanada. Ya yi suna ne wajen binciken yadda nikel da tagulla da filatinam da danginsa ke taruwa a cikin narkakken dutse har su zama ma'adinan da ake haƙowa. Kusan duk rayuwarsa ta bincike tambaya ɗaya ta bi: me ke faruwa da farar wuta a cikin narkakken dutse kafin ya daskare, kuma wane sawu hakan ke bari a dutsen da za a iya aunawa?

Karatu da aiki

An haife shi a Landan a 1933, ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Kambirij, sannan ya yi ƙaura zuwa Kanada a 1957. Da ramin haƙa ya fara: kamfanin Falconbridge ya ɗauke shi aiki a matsayin masanin duwatsu a mahaƙarsa ta Sudbury da ke lardin Ontario. Daga nan ya koma karatu a Jami'ar Queen's da ke Kingston, inda ya kammala digirin digirgir a 1964. Ya yi shekara uku a ɗakin gwaje-gwajen Cibiyar Carnegie a Washington tare da Gunnar Kullerud, suna narka haɗe-haɗen ƙarfe da farar wuta a tanderu don ganin yadda suke daskarewa. A 1967 ya shiga Jami'ar Toronto, bai bar koyarwa a can ba sai da ya yi ritaya a 1998. Wannan jerin, mahaƙa da farko sannan tanderu, shi ya siffanta aikinsa: duk lissafin da ya yi, sai ya mayar da shi ga dutsen da aka ciro daga rami.

Tushen bincikensa

Narkakken dutse da ke tasowa daga can ƙarƙashin ɓawon duniya yana ɗauke da farar wuta kaɗan a narke. Idan ya huce, ko ya haɗiye duwatsun gefensa masu farar wuta, sai ya kai matakin da ba zai iya riƙe ta ba. A nan sai ɗigo-ɗigon wani ruwa dabam su ware, haɗin ƙarfe da farar wuta da ake kira salfayid. Wannan ruwa ba ya gaurayuwa da narkakken dutsen, ya kuma fi shi nauyi, don haka yakan nutse ya taru a ƙasa. Nikel da tagulla da filatinam da faladiyam duk sun fi son zama cikin salfayid. Nikel kan taru a cikinsa ninki ɗaruruwa fiye da yadda yake a narkakken dutse, dangin filatinam kuwa ninki dubbai goma-goma ko ma fiye.

An san wannan a dunƙule tun kafin Naldrett. Abin da ya ƙara shi ne awo. A 1979 shi da Ian Campbell suka wallafa maƙalar da ta nuna cewa ƙarfin wannan jan kaɗai ba ya yanke darajar ma'adini. Sai an duba yawan narkakken dutsen da kowane ɗigon salfayid ya cuɗanya da shi. Wannan rabo suka kira R. A ɗauka, don misali, nikel na taruwa ninki 300, filatinam kuma ninki 100,000. Idan R ya kasance 100, salfayid zai ninka nikel sau 76, filatinam kusan sau 100. Idan R ya kai 10,000, nikel zai tsaya a wajen sau 290, domin ya kusa kai iyakarsa, amma filatinam zai haura sau 9,000. Da wannan ɗan lissafi aka gane dalilin da ya sa wata mahaƙa take cike da salfayid amma filatinam ɗinta ƙalilan ne, wata kuwa salfayid ɗinta ɗan yayyafi ne amma don filatinam ake haƙarta. Lissafin mai sauƙi ne ƙwarai, kuma sauƙin nan ne ya sa ya daɗe ana aiki da shi.

Ƙwallaye da zaiba

A 1966 aka gano nikel a Kambalda da ke yammacin Ostireliya, a cikin wasu duwatsun aman wuta masu shekaru kusan biliyan 2.7. Irin wannan dutse, da aka raɗa wa suna komatiyat a 1969 daga kogin Komati na Afirka ta Kudu, ya malalo ne da zafin da ya kai wajen digiri 1,600 a ma'aunin Celsius, wanda babu wani aman wuta na yau da ke kaiwa. Naldrett ya riga ya nazarci makamancinsa a mahaƙar Alexo kusa da Timmins a Ontario, kuma a 1973 shi da Pyke da Eckstrand suka bayyana shimfiɗun wannan dutse a yankin Munro, shi ma a Ontario, suka nuna cewa malala ya yi a doron ƙasa.

A waɗannan mahaƙu ma'adinin kan zo hawa-hawa: zallan salfayid a ƙasa, a samansa ƙwayoyin olibin (wani koren ma'adini da ke fara daskarewa a irin wannan dutse) da salfayid ya cika tsakaninsu kamar raga, can sama kuma dutse mai ɗan ɗigo-ɗigo. Naldrett ya bayyana wannan da misalin da har yanzu ake koyarwa. A cika doguwar kwalba da ƙwallayen biliyad da ruwa, sannan a zuba zaiba. Zaibar za ta nutse ƙasa, ƙwallayen su yi ƙoƙarin yin iyo a kanta, amma nauyin na sama zai danna na ƙasa su shige cikinta. Sai a sami zallan zaiba a gindi, ƙwallaye cikin zaiba a tsakiya, ƙwallaye cikin ruwa a sama. Zaibar ita ce salfayid, ƙwallayen olibin, ruwan kuma narkakken dutse.

Sudbury da Norilsk

Sudbury, inda aka gano ma'adini a 1883 lokacin shimfiɗa layin dogo, wuri ne da ba shi da na biyu. Robert Dietz ya kawo ra'ayi a 1964 cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya ya haddasa kwarin da ma'adinan suke, abin da aka tabbatar daga baya, aka kuma ƙiyasta shekarunsa biliyan 1.85. Naldrett da Kullerud sun wallafa nazarin mahaƙar Strathcona a 1967, kuma aikinsa na baya da ɗalibansa ya taimaka wajen nuna yawan ɓawon duniya da ke cikin narkakken dutsen wurin, da yadda salfayid ke rarrabuwa yana daskarewa, har tagulla da filatinam su tattara a ragowar ruwan da ke kutsawa cikin tsagogin dutsen ƙasa.

Aikinsa da ya fi amfani ga masu neman ma'adinai, a ganin da yawa, shi ne na Norilsk a arewacin Siberiya. Da ƙofar Tarayyar Sobiyet ta fara buɗewa, ya yi aiki da masana na Rasha irin su Valeri Fedorenko, da kuma Peter Lightfoot, a kan shimfiɗun basalt, wato baƙin dutsen aman wuta, da suka malalo kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce. Abin ɗaure kai a Norilsk shi ne ma'adinin ya yi wa ƙananan duwatsun da ke riƙe da shi yawa. Da suka auna shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar wani kaurin sashe, wanda ake kira Nadezhdinsky, ya rasa yawancin nikel da tagulla da filatinam da ya kamata a same su a ciki. Naldrett ya fassara wannan da cewa salfayid ne ya kwashe su a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙananan duwatsun nan magudanai ne da narkakken dutse mai ɗimbin yawa ya ratsa, yana barin ƙarafansa ga salfayid ɗin da ya maƙale a hanya. Akwai masu jayayya da sassan wannan bayani, musamman kan zurfin da abin ya faru. Amma dabarar ta shiga aikin bincike: idan aka ga dutsen aman wuta ya rasa ƙarafan da ya kamata ya ɗauka, akwai dalilin neman inda suka tafi. Bayan gano ma'adinin nikel na Voisey's Bay a Labrador ta Kanada a 1993, shi da Chusi Li sun nuna cewa a can ma ma'adinin yana cikin magudana ne.

Bushveld da sauran shekarunsa

A Bushveld ta Afirka ta Kudu, wani ƙaton narkakken dutse da ya daskare hawa-hawa a ƙarƙashin ƙasa, mai shekaru kusan biliyan 2.05, siririyar shimfiɗar Merensky da aka gano a 1924 tana ɗauke da giram kaɗan na dangin filatinam a kowane tan, alhali narkakken dutse na yau da kullum bai wuce kimanin miligiram 10 na filatinam a tan ba. A 1983 Campbell da Naldrett da Stephen Barnes suka ce sabon narkakken dutse ne ya kutso ya gauraya da tsohon, salfayid ƙalilan ya ware da R mai girma, ya sauko daga sama. Alan Boudreau da wasu suna ganin ruwan zafi mai gishiri ne ya ɗauko ƙarafan daga ƙasa ya hauro da su. Ba a rufe wannan muhawara ba, kuma a kanta Naldrett ya ci gaba da aiki bayan ritaya tare da Jami'ar Witwatersrand a Johannesburg, har da binciken asalin shimfiɗun kuromayit, ma'adinin da ake samun ƙarfen kuromiyam daga gare shi, na yankin.

Littafinsa Magmatic Sulfide Deposits ya fito a 1989, kuma a 2004 ya fitar da wani mafi girma a kan wannan fage, wanda ɗalibai da ma'aikatan kamfanonin haƙa ke komawa gare shi. Ya shugabanci ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka da ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya. An sa wa wani ma'adini na faladiyam da antimoni, da aka samo a arewacin Quebec, suna naldrettite don girmama shi. Ya rasu a watan Yunin 2020.