Waiwaye: Matan Iran da ƙofar makaranta

Tun rasuwar wata matashiya, Mahsa Amini, a Tehran ranar 16 ga Satumba 2022, kwanaki kaɗan bayan an kama ta kan batun lulluɓi, muhawara kan matan Iran ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa boren da matan suka yi bayan rasuwar zugar Turawa ce, wasu na ɗora laifin kan wayar salula. Duk suna magana kamar daga sama abin ya faɗo.

Tarihin da aka saba ji gajere ne. A 1936 an hana mata lulluɓi da ƙarfin hukuma. A 1963 suka samu damar jefa ƙuri'a, a 1967 aka yi dokar iyali da ta taƙaita saki da ƙarin aure. Juyin juya halin Musulunci na 1979 da ya kifar da sarauta ya zo aka jingine dokar, mata suka yi zanga-zanga ranar 8 ga Maris na shekarar, zuwa 1983 hijabi ya zama tilas a doka.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne abin da ya faru a ƙauyuka da unguwannin talakawa bayan nan. A zamanin sarauta, magidanta masu riƙo da addini da dama ba sa yarda 'ya'yansu mata su je makaranta, don suna ganin wurin lalacewa ne (mu da muka san yadda iyayenmu suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko ba za mu yi mamaki ba). Da aka raba makarantun maza da na mata, malama da ɗaliba kowa da lulluɓinta, sai uba ya rasa hujjar hanawa. A ƙarshen 1979 aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, kuma mata ne suka fi cika azuzuwanta. A ƙidayar 1976 kusan kashi 35 cikin ɗari na mata ne suka iya karatu; a 2016 sun haura kashi 80.

Sai 1989, bayan yaƙi da Iraƙi, aka dawo da shirin tazarar haihuwa, da amincewar malamai, ta hanyar ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. Macen da ke haihuwar 'ya'ya shida zuwa bakwai a farkon shekarun 1980, zuwa 2000 ta koma kusan biyu. Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida ba raino aka bar mata ba, littafi aka miƙa mata. Kafin ƙarshen shekarun 1990 mata sun fi maza cin jarrabawar shiga jami'a. Masana zamantakewa irin su Azadeh Kian sun daɗe suna nuna cewa masu neman sauyin dokar aure da saki ba 'yan gayun arewacin Tehran kaɗai ba ne, har da 'ya'yan gidajen malamai. Mujallar mata ta Zanan, da ta fara fita a 1992, da hujjojin fiƙihu take jayayya.

A ganina tushen rikicin na nan: ilimi ya yi gaba, wurin amfani da shi bai biyo baya ba. Matan da ke aiki ko neman aiki ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. A majalisar dokoki mai kujeru 290, zaɓen 2016 da aka yi ta yabawa kujeru 17 ya ba su.