Yadda dokar noma ta buɗe kasuwar wiwi a Amurka

A shagunan gidajen mai da yawa a Amurka, kusa da teburin biyan kuɗi, za ka ga alawa mai laushi a leda mai launi-launi, irin wadda yaro zai miƙa hannu ya ɗauka. Alhali tana bugarwa. Tushen wannan kasuwa wata dokar noma ce.

A watan Disamba na 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta raba tsiron wiwi gida biyu. Wanda sinadarin mayensa, delta-9 THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyinsa ba, sunansa hemp, an kuma cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi. Wanda ya haura haka wiwi ne, haramtacce a dokar tarayya. An yi dokar noman ne domin manoma su samu zare da iri da mai.

Sai dai sinadari ɗaya tak dokar ta auna. 'Yan kasuwa suka gano ana iya sarrafa CBD, wani sinadarin hemp wanda ba ya bugarwa, a mayar da shi delta-8, wani nau'in THC mai bugarwa. Ko delta-9 ɗin ma, in alawar tana da nauyi, kashi 0.3 ya isa ya juya wa mutum kai. Abin da ya fi damuna shi ne dokar ba ta ƙayyade shekarun mai saye ba.

Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. A 2022 Minesota ta yarda a sayar, amma kada THC ɗin ya wuce miligiram 5 a ci ɗaya da 50 a fakiti, kuma sai ɗan shekara 21 zuwa sama. Kalifoniya ta hana THC a abinci da abin sha na hemp a 2024. A Teksas majalisa ta zartar da haramci a 2025, Gwamna Greg Abbott ya hau kujerar naƙi.

A watan Nuwamban 2025 majalisar tarayya ta sake fassara hemp: za a lissafa dukkan THC, kuma kada THC ɗin da ke cikin kaya ya wuce miligiram 0.4 a kowane mazubi. An ba da wa'adin shekara guda kafin sabuwar dokar ta fara aiki.

Matafiyin da zai dawo Najeriya ya sani cewa rasit ɗin shagon Amurka ba hujja ba ce a gaban jami'an NDLEA, domin wiwi haramun ne a dokar ƙasar.