Fina-finan littattafan cin zali a makarantun kwana

Labarin yaron da aka kai makarantar kwana ya faɗa hannun manyan ɗalibai masu cin zali yana cikin labaran da masu shirya fim suka sha komawa gare su. Tushen wannan reshe na adabi shi ne littafin Tom Brown's School Days na Thomas Hughes, wanda ya fito a Ingila a 1857. Daga baya marubuta a Ostiriya da Suwidin da Peru sun rubuta nasu, kusan kowa daga abin da ya gani da idonsa yana ɗalibi, kuma an mayar da littattafan fina-finai.

Littafin Hughes

Hughes ya yi karatu a makarantar Rugby daga 1834 zuwa 1842, zamanin da Thomas Arnold ke shugabancinta. Arnold ya riƙe makarantar daga 1828 har rasuwarsa a 1842, kuma da sunansa na gaskiya ya fito a littafin. A wancan lokaci al'adar makarantun 'ya'yan masu hali a Ingila ita ce ƙananan yara su riƙa yi wa 'yan ajin ƙarshe hidima: aike, share ɗaki, kawo abinci. Dokar makaranta ta amince da hakan. Flashman, azzalumin labarin, bai kai ajin ƙarshe ba, don haka ba shi da ikon sa kowa aiki, amma yana yi da ƙarfin tsiya. Tom da abokinsa East suka ƙi, daga nan gaba ta ƙullu.

Wurare biyu ne masu karatu ba sa mantawa. Na farko shi ne daren da ake sa sababbin yara cikin bargo ana cilla su sama. Na biyu ya fi muni: Tom ya sami tikitin caca na tseren dawaki, Flashman ya nemi ya sayar masa, ya ƙi, sai aka danne shi a bakin murhu har ya suma. Bai faɗa wa kowa wanda ya yi masa ba. Wannan shirun, wanda littafin ya ɗauka a matsayin jarumta, shi ne ke ba azzalumi damar ci gaba, kuma abin takaici ne yadda aka daɗe ana yaba shi.

Abin lura shi ne Flashman ba ya kaiwa ƙarshen littafin. An kore shi tun kafin a shiga kashi na biyu, kuma laifin da ya jawo korar shi ne shan giya har ya bugu, ba gasa yaro ba. Kashi na biyu ya koma kan George Arthur, yaro mai rauni da tsoron Allah wanda aka damƙa wa Tom amanarsa, da yadda kula da shi ya gyara halin Tom.

Yadda fim ya sauya labarin

Sau biyar aka ɗauki littafin. Na farko fim ne marar magana a 1916. A 1940 kamfanin RKO na Amurka ya fito da nasa, Robert Stevenson ya ba da umarni, Cedric Hardwicke ya fito a matsayin Arnold. Na 1951 na Birtaniya ne, Gordon Parry ya ba da umarni, John Howard Davies ya zama Tom, Robert Newton ya zama Arnold, an kuma ɗauki wasu sassansa a harabar Rugby ɗin kanta. A 1971 BBC ta yi shi kashi biyar a talabijin. Da aka nuna shi a Amurka ya sami lambar yabo ta Emmy a 1973, yaron da ya fito a Tom, Anthony Murphy, shi ma ya sami tasa. Na baya-bayan nan tashar ITV ce ta nuna shi a farkon 2005, Alex Pettyfer a Tom, Stephen Fry a Arnold.

Masu fim sun gane cewa wa'azin da ya cika rabin littafin ba zai riƙe ɗan kallo ba, amma mugu zai riƙe shi. Saboda haka suka ja zaman Flashman ya yi tsawo. A fim ɗin 1951 da na 2005 an haɗa shi da Arthur a makaranta lokaci guda, alhali a littafin ba su taɓa haɗuwa ba, domin a ga mafi ƙarfi ya taka mafi rauni. Shirin BBC kuwa ya ƙirƙiro wa Flashman uba mai sarauta da dukiya, ya shigo da rikicin manya cikin na yara. Wannan sauyi yana da amfani, domin ya ba cin zalin nauyin da Hughes bai ba shi ba. Yana da illa kuma. Idan aka tattara duk sharri a kan yaro ɗaya, korarsa sai ta zama kamar maganin komai, tsarin da ya ba babba iko a kan ƙarami kuma ya fita ba tare da an tuhume shi ba.

Flashman ya ma sami rayuwa ta biyu. A 1969 George MacDonald Fraser ya fara jerin littattafai goma sha biyu da suka bi shi bayan korarsa, ya zama soja matsoraci da ake ɗauka gwarzo. Ɗaya daga cikinsu ya zama fim ɗin Royal Flash a 1975.

A wajen Ingila

Littafin Robert Musil na 1906 kan ɗalibi Törless ya ɗauki wata hanya. A wata makarantar kwana ta daular Ostiriya, ɗalibai biyu, Reiting da Beineberg, sun kama wani mai suna Basini da satar kuɗi. Maimakon su kai ƙara, sai suka mayar da shi abin azabtarwa a wani ɓoyayyen ɗaki a saman gini. Törless yana wurin, yana kallo, yana tunani, bai hana ba. Volker Schlöndorff ya mayar da labarin fim mai baƙi da fari a 1966, ya kuma sami kyautar masu sharhin fim a bikin Cannes na shekarar. Jamusawan da suka kalle shi shekara ashirin bayan yaƙin duniya na biyu sun ga kansu a cikin ɗan kallon da ya yi shiru. A nan fim bai sassauta komai ba: ba wani shugaban makaranta mai adalci da zai zo ya gyara.

Jan Guillou na Suwidin ya rubuta Ondskan a 1981 bisa zamansa a makarantar Solbacka. A labarin malamai sun sakar wa majalisar manyan ɗalibai horon ƙanana, su kuma suka kau da kai. Fim ɗin Mikael Håfström na 2003 ya shiga takarar Oscar ta fina-finan harsunan waje. Littafin Mario Vargas Llosa na 1963 kan makarantar soja ta Leoncio Prado a Lima, inda ake kiran sababbin ɗalibai karnuka, Francisco Lombardi ya mayar da shi fim a 1985.

Mai kallo a Nijeriya ba zai ji labaran nan baƙi ba. Makarantun kwana na gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka kafa sun gaji tsarin Ingila na raba ɗalibai gida-gida da ba manya ikon horo, kuma wanda ya taɓa ɗebo wa siniya ruwa ko ya wanke masa kaya zai gane rigimar Tom da Flashman tun daga farkonta.